Shafi na Arba'in da Bakwai

Shagona a bakin ƙofar Kongo
taku uku ne in ka auna da ƙafa:
kwamfuta ɗaya, injin hoto mai tari,
da fanka mai jiran wuta kamar mai bin bashi.

Yero, ɗan aji biyar a sashen shari'a,
ya dire mini takardu da rubutun tafiyar tsutsa.
Ya ce, "Anti, kafin Litinin."
Muka ja ciniki, ya karya ni da hamsin.
Sai na duba kan maganar:
dokokin caca a wata 'yar ƙasar Turai.

Ya nuna mini ita a taswira,
ɗigo ne, kashin ƙuda ya fi shi.
Ya ce, "Daga nan zuwa Giwa kin ƙure ta."

Na fara bugawa.
Wai yaro ba ya shiga.
Wai a yi wa aljihu iyaka tun da safe,
kafin zuciya ta ɗau zafi.
Wai a rataya agogo inda mai wasa zai gani,
kada dare ya raba bai sani ba.
Yatsuna na tafiya, babu ruwansu.

Sai shafi na arba'in da bakwai.
Wai akwai littafi a hannun hukuma,
mutum kan je da ƙafarsa ya sa sunansa,
ya ce: ku hana ni.
Ko na dawo ina kuka, ku hana ni.
Daga ranar kowace ƙofa ta san fuskarsa,
kuma babu wadda za ta ji tausayi.

Nan na cire tabarau.

Dalhatu ƙanena tela ne.
In ce, tela ne a da.
Keken da Baba ya taka shekara talatin
an aza shi a amalanke ranar wata Laraba,
ƙafarsa na lilo har Sabon Gari.
"Wasa ɗaya ne ya yanke ni, Yaya.
Ƙwallo ɗaya, a minti na casa'in da uku."
Kullum ɗaya ne.
Ban taɓa jin biyu sun yanke shi ba.

Bara da azumi ya miƙo mini katin bankinsa,
idonsa a ƙasa, ya ce, "Riƙe.
Ko na rantse da kabarin Baba kar ki ba ni."
Na cusa shi ƙarƙashin atamfofi.
Kwana huɗu.
A na biyar ya zo bayan isha'i,
wai 'yarsa jikinta zafi, kemis ba ya ba da bashi.
Na san ƙarya ce. Na kuma san
ran da za ta zama gaskiya da irin muryar nan zai zo.
Na buɗe akwati.

Ashe ni ce littafin gidanmu,
sai dai ni ina da kunne,
nono ɗaya muka sha.

Kuma sunan ƙasar nan ba baƙo ba ne a idona.
Na taɓa hango shi can ƙasan wayar Dalhatu,
ƙanana kamar ƙwan kwarkwata,
inda babu mai karantawa sai mai sana'a irin tawa.

Da Yero ya leƙo na ce masa,
"Wannan shingen nasu, ya iso Tudun Jukun?
In mutum na nan, ina zai je ya sa suna?"
Ya sosa ƙeya da biro.
"Anti, wannan batun hurumi ne.
Yana babi na biyar."
Na ce babi huɗu ka kawo.
Ya ce bai rubuta ba tukuna.

Ya fita sayen masara gasasshiya.
Ban kai ga adanawa ba aka ɗauke wuta,
allon ya yi baƙi, fuskata ta fito a ciki.

Da na ja janareta
sai da na sake buga shafin daga farko.
Ku hana ni.
Ko na dawo ina kuka.
Na fitar da biyu, ɗaya na Yero.
Ɗayan na ninke shi huɗu na sa a jaka,
ban san wa zan ba ba,
ban kuma sa shi a lissafi ba.